OpenLDAP, 389, FreeIPA ko Samba: wace sabar kundi za ka girka a kan Linux?

Idan kwamfutocin ofis suka haura ashirin, ko makaranta ta samu ɗakin kwamfuta da imel da manhajar rajistar ɗalibai, buɗe wa kowa asusu a kan kowace na'ura sai ya gagara. Ma'aikaci ya bar aiki, an rufe asusunsa a wuri uku, an manta da na huɗu. Sabar kundi ita ke magance wannan: wuri ɗaya da ake ajiye sunayen mutane da rukunansu da kalmomin sirrinsu, sauran na'urori da manhajoji su riƙa zuwa suna tambaya. Harshen da ake tambayar da shi shi ne LDAP, wanda ya samo asali daga Jami'ar Michigan ta Amurka a farkon shekarun 1990, kuma yana sauraro a ƙofa (port) 389, ko 636 idan an rufe zancen tun daga farko da TLS, hanyar ɓoye bayanai yayin da suke tafiya tsakanin na'urori.

A kan Linux, manhajoji huɗu ne mutane ke kai-komo a tsakaninsu: OpenLDAP, 389 Directory Server, FreeIPA, da Samba. Dukkansu kyauta ne, dukkansu suna jin LDAP, shi ya sa ake ɗauka aiki ɗaya suke yi. Biyun farko kundi ne zalla. Biyun ƙarshe cikakken tsarin shiga kwamfuta ne, kundin ɓangare ne kawai a cikinsu. Wanda ya zaɓa ba tare da lura da wannan ba, gaba zai sha wahalar ƙaura, domin sunan yanki (domain, wato gungun kwamfutocin da ke ƙarƙashin kulawar saba) da tsarin bayanan ba sa sauyuwa cikin sauƙi bayan an fara aiki.

Ma'aunan da za a bi

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi: su wa za su riƙa tambayar sabar? Kwamfutocin Windows ne, ko na Linux, ko manhajojin yanar gizo irin su Nextcloud da Moodle da GitLab? Amsar wannan ita kaɗai takan fitar da biyu daga cikin huɗun.

Sai kuɗi. Lasisi babu, amma akwai na'ura, akwai lokacin mai kula, akwai tallafin kamfani ga mai so. Sai ƙarko: shekara nawa za a ci gaba da samun gyaran tsaro, ana iya ƙara saba ta biyu da za ta riƙe kwafi, kuma yaya ake dawo da ita idan faifai ya mutu. Sai sauƙin girkawa da na aikin yau da kullum, waɗanda ba abu ɗaya ba ne. Na ƙarshe haɗari, wato abin da ya saba lalacewa da kuma irin ɓarnar da yake jawowa.

Kafin a taɓa ko ɗaya, abu uku sai sun zauna: adireshin IP wanda ba ya canzawa, cikakken suna da umarnin `hostname -f` zai nuna daidai, da agogo mai tafiya daidai ta hanyar chrony, manhajar daidaita lokaci. Kada a yi amfani da sunan da ya ƙare da `.local`, saboda manhajar Avahi ta Linux da na'urorin Apple sun riƙe shi don wani aikin. A yanki reshe daga sunan da ofis ya mallaka, misali `ad.ofishinmu.example`.

OpenLDAP

Kurt Zeilenga ya fara ta a 1998 daga manhajar Michigan, kuma har yau ita ce mafi ƙarancin nauyi da saurin amsa tambaya. A Debian ko Ubuntu, `apt install slapd ldap-utils` sannan `dpkg-reconfigure slapd` sun isa ta tashi cikin minti biyar. RAM na gigabait 1 ya wadatar da ƙaramin ofis. Red Hat ta cire kunshin sabar tun daga zubi na 8 na Linux ɗinta, RHEL, don haka mai Rocky ko AlmaLinux, waɗanda suke dangin RHEL, sai ya nemo ta a wani rumbu, kamar na kamfanin Symas, wanda kuma shi ke sayar da tallafinta.

Saurin girkawar nan yana ruɗin mutane. Abin da ka samu bayan minti biyar ɗin kundi ne wayam: babu TLS, babu dokar kalmar sirri, babu shafin gudanarwa. Saitunan suna zaune a cikin kundin kansa, ƙarƙashin `cn=config`, kuma ana sauya su ne da fayil ɗin LDIF, rubutun da ake zuba bayanan LDAP a ciki, ta umarnin `ldapmodify -Y EXTERNAL -H ldapi:///`. Fayilolin da ke `/etc/ldap/slapd.d` ba a gyara su da hannu; kowanne na ɗauke da lambar tantancewa, kuma ƙaramin kuskure a ciki na iya hana slapd tashi gaba ɗaya.

Wuraren da ake tuntuɓe sanannu ne. Wajen saka takardar shaidar TLS, idan amsa ta dawo da kuskure mai lamba 80, kusan kullum dalilin shi ne asusun `openldap` ba shi da izinin karanta fayil ɗin mabuɗi, ko manhajar tsaro ta AppArmor ta tare hanyar zuwa inda aka ajiye shi. Ma'ajiyar LMDB tana da iyakar girma da ake sawa a `olcDbMaxSize`. Debian na sa gigabait 1, kuma ranar da ta cika, karatu zai ci gaba amma rubutu zai tsaya cak da saƙon `MDB_MAP_FULL`. Idan tambayoyi suka fara jan ƙafa, a duba rajistar tsarin: layin da ke cewa `not indexed` yana faɗa maka ainihin filin da ke buƙatar `olcDbIndex`. Ƙarin `memberof` kuma, mai nuna rukunan da mutum yake ciki, ba ya waiwayar rukunan da aka riga aka ƙirƙira kafin a kunna shi, sai an sake zuba su.

Babban haɗarinta yana wajen dokokin izini. Ana karanta su daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ke aiki, sauran ba a ko kallonsu. Saitin da Debian ke zuwa da shi yana ɓoye kalmar sirri, amma yana barin kowa ya karanta sauran bayanan ko bai gabatar da kansa ba. Sabar da ta buɗe ƙofa 389 ga intanet a haka ta miƙa wa duniya jerin sunayen ma'aikata da imel ɗinsu. Wannan shi ne abin da ya kamata a fara gyarawa, tun kafin a zuba mutum na farko.

Ta fuskar ƙarko kuwa ba ta da na biyu. `slapcat` na fitar da komai a rubutu tsagwaro, `slapadd` ya mayar, har a kan wata na'urar daban. A tuna a kwafi ma'ajiya biyu: `slapcat -n 0` don saituna, da kuma ta bayanan. Kwafar juna tsakanin sabobi ta syncrepl tana aiki lafiya, sai dai da hannu ake rubuta kowane layi nata. Abin da ba za ta taɓa yi ba shi ne karɓar kwamfutar Windows cikin yanki.

389 Directory Server

Tsatsonta kamfanin Netscape ne. Red Hat ta saye ta a 2004, ta sake ta kyauta a 2005 da sunan Fedora Directory Server, aka koma kiranta 389 a 2009. Aikinta ɗaya da na OpenLDAP, bambancin yana wajen kayan aiki. Bayan `dnf install 389-ds-base`, umarnin `dscreate interactive` zai yi maka tambayoyi ya gina sabar, har da takardar shaida ta wucin gadi, ta yadda ƙofa 636 na aiki tun ranar farko. Daga nan `dsconf` na saituna ne, `dsidm` na mutane da rukunai, `dsctl` na tayarwa da tsayarwa. Akwai kuma shafin gudanarwa ta Cockpit a ƙofa 9090.

Dokar kalmar sirri da kulle asusu bayan yawan kuskure suna cikinta tun asali. Kalmomin sirri tana nannaɗe su da tsarin ɓoyewa na PBKDF2, wanda ya fi SSHA ɗin da OpenLDAP ke farawa da shi wuyar fasawa. Sabobi da dama na iya karɓar rubutu lokaci guda, muddin kowacce ta samu lambar kwafi tata daban. Idan biyu suka yi tarayya a lamba ɗaya, bayanai za su riƙa saɓawa ba tare da an ankara da wuri ba. Dokokin izini kuwa a jikin bayanan suke, suna bin su zuwa kowace saba, wanda ke rage mantuwa.

Ta fi OpenLDAP cin RAM, a ware mata gigabait 2 zuwa sama. Gidanta Fedora ne da dangin RHEL da SUSE. Mai son tallafin Red Hat a kanta ita kaɗai sai ya biya kuɗin Red Hat Directory Server daban. Ita ma ba ta karɓar Windows cikin yanki, ba ta da Kerberos, tsarin da ke barin mutum ya shiga sau ɗaya ya wadatar.

FreeIPA

Wannan haɗaka ce: 389 a matsayin kundi, MIT Kerberos don shiga sau ɗaya, Dogtag mai ba da takardun shaida, BIND don DNS (mai haɗa sunan na'ura da adireshinta), da shafin gudanarwa a saman su duka. Ta fito a 2008, kuma ita ce Red Hat ke kira IdM, wadda ke cikin kuɗin RHEL ba tare da ƙari ba. A Rocky ko AlmaLinux 9, waɗanda za su ci gaba da samun gyara har 2032, ana farawa da `dnf install ipa-server ipa-server-dns`, sai `ipa-server-install --setup-dns`. A ba ta na'ura tata ita kaɗai, domin tana mamaye ƙofofi 80, 443, 389, 636, 88, 464 da 53. Shawarar Red Hat ga mutum 10,000 da rukuni 100 ita ce RAM gigabait 4 da swap gigabait 4, kuma ko ofis ƙarami ne bai kamata a yi ƙasa da haka sosai ba, saboda Dogtag a kan Java take tafiya. Ɓangaren abokin hulɗa yana nan a Debian da Ubuntu, amma sabar kanta a bar ta a dangin Red Hat.

Inda ta yi fice shi ne aikin yau da kullum. A kan sabuwar kwamfutar Linux, `ipa-client-install --mkhomedir` kawai, shi ke nan ta shiga. Daga shafi ɗaya ake faɗin wa zai shiga wace na'ura, wa ke da ikon sudo (ikon mai gudanarwa), a ajiye mabuɗan SSH na kowa (na shiga na'ura daga nesa), a kunna lambar sirri ta biyu mai sauyawa. Abin da mai OpenLDAP zai kwashe makonni yana harhaɗawa, a nan an riga an haɗa. Sai dai akwai doka mai suna `allow_all` da ke zuwa a kunne, wadda ke barin kowa ya shiga kowace na'ura. A rubuta dokokin ofis, a gwada su da `ipa hbactest`, sannan a kashe ta. Wanda ya kashe ta kafin ya rubuta nasa ya kulle kowa a waje, har da kansa.

Haɗarinta biyu ne, kuma dukkansu masu ɗaukar lokaci ne kafin su bayyana. Na farko takardun shaida: ta uwar, wato mai ba da takardun kanta, tana da shekara 20, amma na ƙananan sassa shekara 2 ne, manhajar certmonger ke sabunta su da kanta. Idan sabuntawar ta gaza ba wanda ya lura, ranar da suka ƙare Dogtag ba za ta tashi ba, shafin gudanarwa ya mutu, sai an koma ga `ipa-cert-fix` ko mayar da agogo baya. Duba `getcert list` sau ɗaya a wata yana hana wannan. Kuma idan saba ɗaya ce tak ke riƙe da mai ba da takardun ta mutu babu kwafi, ba a iya sake gina ta daga sauran. Shi ya sa ta biyun dole a girka ta da `ipa-replica-install --setup-ca`.

Na biyu agogo, kuma wannan ya shafi Samba daidai wa daida. Kerberos ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin saba da kwamfuta. A wurin da wuta ke yawan ɗaukewa, ga yadda abin ke faruwa: ɗan batirin CR2032 da ke kan allon na'ura ya mutu ba a sani ba, wuta ta ɗauke da dare, da safe sabar ta tashi da kwanan watan shekarun baya, intanet bai dawo ba balle chrony ya gyara. Kowa ya rubuta kalmar sirrinsa daidai amma an ƙi shi, rajista na nuna `Clock skew too great`. Batirin nan ba shi da tsada. A sauya shi, a sa UPS mai iya kashe sabar cikin tsari, a kuma sa dukkan kwamfutoci su riƙa karɓar lokaci daga sabar kanta, ta yadda ko agogon ya kauce, tare za su kauce.

Kwamfutar Windows ba ta shiga yankin FreeIPA kai-tsaye. Abin da ake iya yi shi ne ƙulla amana tsakanin FreeIPA da Active Directory, tsarin yanki na Microsoft, idan akwai shi a wurin.

Samba a matsayin mai riƙe yanki

Tun fitowar Samba 4.0 a Disamba 2012 take iya tsayawa a matsayin sabar Active Directory. Ita kaɗai ce cikin huɗun da Windows za ta shiga yankinta ta kuma karɓi dokokin rukuni, irin su hana saka filasha ko tilasta kulle allo. Ta fuskar kuɗi nan ne ake ganin bambanci ƙarara: Windows Server na buƙatar lasisi, da kuma lasisin shiga saba (CAL) na kowane mutum ko kowace na'ura, Samba ba ta buƙatar ko ɗaya. Amma a bincika kwamfutocin tukuna, domin Windows Home ba ta shiga yanki, sai Pro ko Enterprise ko Education. Ofisoshi da yawa sai bayan sun gama girka saba suke gano rabin kwamfutocinsu Home ne.

Debian ce ta fi dacewa da ita. RHEL ba ta kawo wannan ɓangaren. Ana tsayar da smbd da nmbd da winbind, a kawar da tsohon `smb.conf`, sannan a bayar da `samba-tool domain provision --use-rfc2307 --interactive`. Kada a manta da `--use-rfc2307` idan akwai kwamfutocin Linux da za su shigo. Bayan nan a kwafi `krb5.conf` daga `/var/lib/samba/private` zuwa `/etc`, a gwada da `host -t SRV _ldap._tcp.ad.ofishinmu.example` da `kinit administrator`. A Ubuntu, systemd-resolved na riƙe ƙofa 53, sai an janye shi kafin DNS ɗin Samba ya samu wuri. Kuma duk kwamfutar da za ta shiga yankin dole DNS ɗinta ya nuna sabar, ba rauta ba. Mafi yawan ƙorafin "ba a ga yanki ba" daga nan yake.

Samba na da kundinta na ciki, ba a jingina ta da OpenLDAP. Manhajojin yanar gizo na iya tambayarta, amma tana ƙin karɓar kalmar sirri a ƙofa 389 ba tare da TLS ba, ta amsa da kuskure mai lamba 8. Gyaran shi ne a koma 636, ba a sassauta dokar ba. Kalmar sirrin Administrator kuma tana ƙarewa bayan kwana 42 idan ba a sauya saitin ba.

Rauninta yana wajen saba ta biyu. Mutane da rukunai suna kwafuwa da kansu, amma babban fayil ɗin SysVol, inda dokokin rukuni suke, ba ya kwafuwa. Sai an haɗa rsync, manhajar kwafar fayiloli, daga ta farko zuwa ta biyu, a kuma riƙa gyara dokoki a ta farkon kawai. Kada a dawo da tsohon hoton injin kama-da-wane (snapshot ɗin virtual machine) na saba ɗaya alhali ɗayar na aiki, domin lissafin kwafar juna zai rikice. Hanyar da ta dace ita ce `samba-tool domain backup`, kuma a gwada dawo da shi a keɓantacciyar na'ura tun ana zaune lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ajiyar fayilolin ofis ma a ɗora ta a wata sabar daban. Gudanar da dokokin rukuni yana buƙatar kwamfutar Windows ɗaya mai RSAT, kayan Microsoft na gudanar da saba. Samba na fitar da sabon zubi duk wata shida, kowanne na samun gyara kimanin wata 18, don haka mai kula ba ya barci a kan sabuntawa, musamman da yake sauye-sauyen tsaro na Windows kan tilasta hakan. Kamfanin SerNet na Jamus na sayar da kunshi da tallafi.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | OpenLDAP | 389 | FreeIPA | Samba |
|---|---|---|---|---|
| Windows cikin yanki | A'a | A'a | A'a, sai ta amana | E |
| Shigar Linux | Da saitin hannu | Da saitin hannu | Umarni ɗaya | Ta `realm join` |
| Kerberos da DNS | Babu | Babu | Akwai | Akwai |
| RAM ga ƙaramin ofis | Gigabait 1 | Gigabait 2 | Gigabait 4 | Gigabait 2 |
| Inda ta fi zama | Debian, Ubuntu | Fedora, RHEL, SUSE | Dangin RHEL | Debian |
| Aikin kullum | Mai wuya | Matsakaici | Mai sauƙi | Matsakaici |
| Saba ta biyu | Da hannu | Ginanniya | Umarni ɗaya | Sai an ƙara rsync |
| Babban haɗari | Dokokin izini | Lambar kwafi | Takardu da agogo | DNS, agogo, SysVol |

Wa ya dace da wace

Ofis ko makarantar da yawancin kwamfutocinta Windows ne ba ta da dogon tunani, Samba ce, a kan Debian, da sabobi biyu. Ko da akwai 'yan kwamfutocin Linux a gefe, a shigar da su yankin ta SSSD, manhajar da ke haɗa kwamfutar Linux da kundi. Riƙe kundi biyu saboda na'ura biyar ko goma ninka aiki ne kawai, kuma nan ne asusun wanda ya bar aiki ke maƙalewa.

Kamfanin da ke da sabobin Linux masu yawa, ko ɗakin binciken jami'a da ɗalibai ke shiga ta SSH, FreeIPA ce ta fi musu, kuma a ra'ayina ita ce mafi alheri ga mai kula guda ɗaya da aiki ya yi wa yawa, muddin zai iya ware mata na'ura biyu ya kuma riƙa duba takardunta. Idan akwai Active Directory na Microsoft a wurin tun da, a bar mutane a can, a ƙulla amana, FreeIPA ta kula da ɓangaren Linux.

Wanda buƙatarsa manhajojin yanar gizo ne kawai, imel da Moodle da VPN su yi amfani da suna ɗaya, ba ya buƙatar Kerberos da nauyinsa. Idan ya saba da Rocky ko SUSE, ko yana son shafin gudanarwa da dokar kalmar sirri ba tare da rubuta LDIF ba, 389. Idan na'urarsa ƙarama ce, ko kundin zai ɗauki mutane masu yawan gaske da tsarin bayanai na musamman, kuma akwai wanda ya iya dokokin izini a hannu, OpenLDAP.

Saura wurin da ke da na'ura ɗaya tak, wuta ba tabbas, kuma mai kula yana zuwa ne sau ɗaya a mako. Idan Windows ta tilasta, a sa Samba, amma a bar asusun gida na mai gudanarwa a kan kowace kwamfuta, a kuma riƙa fitar da kwafi kowane dare zuwa faifan waje. Idan babu Windows, kundi zalla ya fi aminci a nan, domin shigar LDAP ba ta damu da saɓanin minti 5 ba, kuma fayil ɗin LDIF guda ɗaya ya isa a tayar da shi a wata na'urar cikin awa ɗaya. A kunna `cache_credentials` a SSSD na kowace kwamfuta, ta yadda wanda ya taɓa shiga zai iya sake shiga ko sabar tana kashe.